Kawuna da Motar da ke Mutuwa a Bakin Maƙabarta

Kawu ya rasu ranar Talata, ranar da kasuwar Mafara ke ci, amma duk da haka tasha ta kusa zama wayam. Direbobi suka bar lodi suka biyo gawa. Na ga tsofaffin da suka ajiye tuƙi tun da daɗewa, ana riƙe da hannuwansu ana tsallakar da su kwata. Na ga masu injin niƙa da masu injin ban ruwa daga Bakura, wasu ko baƙin man hannunsu ba su tsaya wankewa ba. A cikin gida matar Kawu ta zauna a bakin gadonsa, ba kuka ba magana, sai dai ta riƙa tambaya ko an cire masa agogo kafin a yi masa wanka. 'Yarsa ta fari ce ta yi kukan da ya ishi kowa.

A wurin zaman makoki kowa da abin da ya tuno. Wani ya ce Kawu ya taɓa tsare shi wuni guda da tambayoyi, sannan gyaran bai kai shan ruwa ba. Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Can sai wani tsohon direban hanyar Maradun ya gyara murya ya ce:

"Tun ina yaron mota ni ka kai mashi gyara. Bai taɓa ɗora ma mota laihin da ba nata ba. In direba yaɓ ɓata ta, gaban kowa shi ka hwaɗi, ko ɗan wa na."

Kowa ya ce wannan gaskiya ne. Ni ma na gyaɗa kai tare da su. Na san rana ɗaya da Kawu ya ɗora wa mota laifin da ba nata ba, kuma ni ya rufa wa asiri. Fiye da shekara talatin ke nan ina fakewa a bayan maganar da ya yi ranar. Yanzu an rufe shi, ni kaɗai na rage da sanin abin, matata kuwa, wadda abin ya fi shafa, tana cikin gida tana dama wa masu gaisuwa kunu ba ta san komai ba. Gara in faɗa tun yanzu, ni mutum ne matsoraci. Ina rubuta wannan don kada a manta da Kawu, kuma don in toshe wa kaina hanyar gudu.

Kawu ƙanen Inna ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, kuma ƙarar manyan injina ta kashe masa kunnen dama tun yana aiki a wurin ginin dam na Bakolori, saboda haka in kana magana sai ya juyo maka gefen hagu kamar yana fushi da kai. Garejinsa na bayan tasha, ƙarƙashin wata darbejiya, da tsohuwar kujerar mota a jingine da gindin itacen. Duk wanda ya kawo gyara, a kan kujerar nan zai fara zama. Kawu ba ya buɗe inji sai ya gama da mai mota. Yaushe ta fara? Da safe ko da rana? A gangare ko a hawa? Da kaya ko ba kaya? In ka gaji ka fara tsaki, sai ya yi tambayar da kowa a Mafara ya san shi da ita: "Mi kat taɓa?" Ya ce mota ba ta tashi haka kawai ta sauya hali, sai an sa mata hannu. Makanikan da ke sauya kayan mota ɗaya bayan ɗaya har Allah ya sa su dace, 'yan canki-canka yake kiransu, a gabansu.

Ba shi da daɗin baki, ba zan yi masa ƙarya don ya mutu ba. Ya taɓa korar wani attajiri daga gareji don ya zagi direbansa a wurin. Amma matan unguwa sun san ran Juma'a da hantsi nasu ne. Su kawo risho da keken ɗinki da fitilar da ta ƙi ci, ya gyara yana mita, yana cewa hannunsu ko dutse suka riƙe sai ya lalace, su tafi suna dariya.

Shi da Baba kuwa sun yi shekara biyu ba sa ga-maciji. Baba malami ne, yana karantarwa a zaurenmu, kuma yana da gona a fadama ta wajen Bakura wadda ya gada. Da aikin dam ya zo, injina suka shiga suka baje gonakin wajen, aka ce za a gyara a maido wa kowa tasa, damina ta wuce, wata ta wuce, ba shuka. Injinan nan kuwa Kawu ne ke tada su in sun mutu. A wurin wani suna Baba ya ce a gaban mutane, akwai wanda ke cin abinci da wuƙar da aka yanka danginsa. Da ma akwai wasa tsakaninsu na miji da ƙanen mata, amma ranar ba wanda ya yi dariya. Kawu ya ce shi ƙarfe yake gyarawa, ba shi ya zana taswira ba, ya sa takalmansa ya fita. Daga baya ya bar aikin don kansa ya buɗe gareji, amma Baba bai sauko ba. Da Baba ya sayar da shanu biyu ya saya mini wata tsohuwar akori-kura ta hannu don in riƙa kai hatsi kasuwanni, sharaɗi ɗaya ya kafa mini, kada tayarta ta taka garejin Kawu.

A shekarar da rikicin dam ya yi zafi matata na da cikin fari. Ta tafi goyon ciki gidan iyayenta, wani ƙauye gaba da Maradun ta wajen Tsibiri. Kwanakin nan manoma sun tare hanyoyi da gumagumai, motocin masu bindiga suna kai da kawowa, kullum da labarin da za a kawo, wani gaskiya wani ƙari. Motocin haya suka daina bin hanyar gaba ɗaya. Ana cikin haka wani mai keke ya iso gidanmu da saƙo daga surukaina. Ƙafafunta da fuskarta sun kumbura, kanta na sarawa, tana gani dishi-dishi. Ungozomar ƙauyen ta ce wannan ya fi ƙarfinta, a kai ta asibitin Mafara tun da wuri. Mota ɗaya ce za ta iya zuwa, tawa.

Washegari da sassafe na cika tanki har baki, don na san ba inda zan sami mai a can. Inna ta shiga gaba. Mota ta yi lafiya lau har muka yi nisa, muka kai wata lanƙwasa inda tsohuwar maƙabarta take, ta wani ƙauye da aka tasa saboda ruwan dam. Mutanen sun tafi sun bar matattunsu, kaburburan sun lotsa, ciyawa ta cinye su. Daidai nan na ji kamar an riƙe motar ta baya. Na taka totur, ta yi tari, ta ɗan zabura, ta sake lafawa. Na sauya giya, ba ta ji ba. A hankali ta gangara gefen hanya ta mutu. Na yi ta murza makulli har batir ya fara sanyi. Wata babbar mota cike da masu bindiga ta wuce mu a hankali, duk suka zubo mana ido, Inna ta riƙe gefen rigata tana salati. Da rana ta take wani mai tarakta da ke komawa gari ya ja mu.

Da gari ya waye na murza makulli sau ɗaya ta tashi, kamar ba ita ba. Na kai ta wurin wani bakanike a bakin tasha. Ya sauya fulogi, ya wanke kafireta, muka zaga gari sau biyu tana ta gudu. Ya ce in tafi ko Makka ne. Na sake cika tanki na kama hanya ni kaɗai. Ta mutu a bakin maƙabartar, bai fi taku ashirin ba daga inda ta tsaya jiya.

Na ɗaga gilasai na zauna. Ba kowa a hanya, sai iska na kaɗa ciyawar kaburbura. Bayan kamar rabin sa'a na gwada, ta tashi. Nan ne wurin da na fi jin kunyar rubutawa. Matata na gabana, gida na bayana, sai na juya kan mota na nufi gida. Na gaya wa kaina ba zan ɗauko mara lafiya a motar da za ta mutu da ita a daji ba. Maganar gaskiya ce, amma ba ita ta juya ni ba, tsoro ne. A hanyar komawa ta mutu sau biyu tana tashi, kafin magariba kuwa unguwa ta ɗauka cewa mutanen maƙabarta sun biyo ni har gida.

Rana ta uku Baba ya ce shi zai shiga. Ya yi addu'a a ruwa ya yayyafa wa motar ciki da waje, ya zauna gaba da carbinsa. Ban taɓa ganin abin da ya ba Baba tsoro ba, saboda haka na ji ƙarfin zuciya. Da muka doshi lanƙwasar ya ɗaga murya da karatu. Motar ta yi tarinta, ta lafa, ta mutu. Na juya na dube shi, na ga carbin na rawa a hannunsa. Muka sauka muka yi wa matattun addu'a, muka jira ta tashi, ya ce in juya. Da la'asar mai keken nan ya dawo. Ya ce ta faɗi sau ɗaya tana jijjiga, ta ciji harshenta, suna tambaya ko mun manta da ita ne.

Inna ta miƙe. Ta ɗauki mayafinta ta wuce ta gaban Baba a zaure ta fita kiran ƙanenta, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka kawo ta gidan. Baba ya bi ta da ido bai hana ba.

Ana idar da sallar asuba Kawu ya iso, hannunsa ba akwatin kayan aiki, sai ƙusa ɗaya da sukundireba a aljihu. Baba na cikin zaure, bai fito ba, Kawu bai shiga ba. Ya zaunar da ni a kan dakali ya juyo mini kunnen hagu. Ni sauri nake yi, shi kuwa ya fara tambayoyinsa ɗaya bayan ɗaya kamar muna da shekara. Take take mutuwa ko a hankali? Na ce a hankali. Inji na zafi? Na ce a'a. In ta huta tana tashi? Na ce tana tashi. Mai nawa nake zubawa kafin in fita? Na ce kullum har baki. Da na ce a hanyar dawowa ma ta mutu sau biyu, ya tambaye ni ko nan ma akwai kaburbura. Na ce babu. Ya ce motar da wuta ta yanke wa take take mutuwa, wannan da ke tari tana lafawa yunwa take ji, mai ne ba ya isa inji.

"Mi kat taɓa?"

"Ban taɓa komi ba, Kawu."

Wallahi a lokacin ba ƙarya na yi niyya ba. Sai ya ce in yi duk abin da na saba yi kafin fita. Na cika tanki na rufe, shi kuwa yana tsugune yana bin tiyon mai da yatsa. Muka shiga. Da muka kai mararraba na karya kan mota zuwa Maradun, sai ya dafa sitiyari ya ce in bi hanyar Bakura. Na ɗauka kunnensa ne, na ɗaga murya na ce Maradun take.

"Na sani," ya ce. "In munka bi can tam mutu, kai da ubanka kuna da amsa tun jiya. Ni ban da ita. Bi Bakura."

Ban taɓa jin haushin mutum kamar yadda na ji nasa a lokacin ba. Ina juya wa matata baya karo na huɗu, kuma wannan karon da hannuna da hankalina. Ya tambaye ni tsawon lokacin da nake ɗauka daga gida zuwa maƙabartar, na faɗa masa iya sanina. Ya kwance agogonsa ya riƙe a tafin hannu, ya ce in yi gudun da na saba. Muna tafe ban san abin da zan roƙa ba. In ta mutu, to ciwon na jikinta ne, kuma ba mu san shi ba. In ba ta mutu ba, to maganar unguwa ta tabbata, kuma ba bakaniken da ke gyara wannan.

Ta mutu a tsakiyar filin da injina suka baje, gefen wata doguwar hanyar ruwa ta siminti. Ba kabari, ba ƙauye, ko itace ɗaya babu. Kawu ya dubi agogo ya yi wani ɗan sauti a maƙogwaro. Ya ce kada in taɓa makulli, ya dira da saurin da ban san yana da shi ba. Ya buɗe inji ya zare tiyon da ke kai mai kafireta, ya same shi a bushe. Ya zaga baya ya kara kunnensa mai ji a jikin tanki, ya yafito ni. Ya kama murfin tankin, murfin ya ƙi, ya sa hannu biyu ya murɗa. Sai na ji tankin ya zuƙi iska, dogon zuƙa, sannan ƙarfen ya yi ɗam daga ƙasa.

Ya kifa murfin a tafin hannunsa ya sa ƙusa ya ɓanɓaro wata baƙar roba, zagayayya, yankan tsaf. A ƙarƙashinta ga wata 'yar huda kamar ta allura.

Ni na yanka robar. Kwana goma kafin saƙon ya zo, lokacin mai na wuya, na ga gefen murfin na jiƙewa, na ji warin fetur, na duba na ga hudar. Na ce lallai wanda ya sayar mana da motar ya cuce mu, ga mai na gudu ta nan. Na samo tsohuwar robar cikin taya na yanka da almakashin Inna na cusa, na ji daɗin dabarata har na so in nuna wa wani. Tun daga ranar ban yi doguwar tafiya ba, sai cikin gari. Ban lissafa wannan a cikin taɓa mota ba, don a ganina gyara na yi.

Kawu ya ce hudar nan da ita aka ƙera murfin. Duk man da ya fita daga tanki sai iska ta shiga ta maye gurbinsa, in an toshe ta famfo zai yi ta ja har ya kasa, kamar buta in ka danne bakinta ruwa ya ƙi fita ta hanci. In mota ta huta, iska ta sulala kaɗan-kaɗan, sai ta tashi. Ni kuwa kullum da cikakken tanki nake fita daga ƙofa ɗaya da gudu ɗaya, dole ta shaƙe a wuri ɗaya. Maƙabartar ba ta da laifin komai, a daidai nisan kawai take.

"Wa yas sa ta?"

Na ce ni ne. Na zauna a ƙasa. Kwana uku, na yi ta faɗi, kwana uku. Na jira ya zage ni yadda na ga yana zagin manyan direbobi, ina ma so ya yi. Bai yi ba. Ya wurga robar cikin hanyar ruwan, ya mayar da murfi da tiyo.

"Kukan ga aje shi, ba mu da wurin sa shi cikin mota. Tashi ka tuƙa."

Muka juyo muka ratsa Mafara ba mu tsaya ba. Da lanƙwasar ta bayyana na ƙanƙame sitiyari, duk da na ga robar da idona. Kawu ya ɗaga hannu ya yi wa matattun sallama kamar mai gaida maƙwabta. Motar ta wuce ko tari ba ta yi ba.

Gaba kaɗan da nan muka tarar da abin tsoro na gaskiya. An gitta gumagumai a hanya, mutane sun fi a ƙirga, da sanduna da gatura, idanunsu jajur don rashin barci da ɓacin rai. Suka kewaye mu. Wani ya leƙo ya gane Kawu, ya yi kira cewa ga mai tada injinan kamfani. Na ji ana bubbuga jikin motar. Ni dai na riƙe sitiyari ban sauka ba. Kawu ya buɗe ƙofa ya sauka a tsakiyarsu.

"Ni na, ba ku yi ɓatan kai ba. In da abin da za ku yi man, ga ni, ku riƙe ni nan. Yaron ga matarshi za shi ɗauka, tana bakin mutuwa da ciki. Ku bar shi shi wuce."

Wani dattijo a cikinsu ya dube shi, ya dube ni, ya sa aka janye gungume ɗaya. Na wuce ina hangen Kawu ta madubi, gajere a cikin taron, har ƙura ta rufe shi. Ban san ko zan same shi da rai ba.

Na tarar da matata kwance ba ta san wanda ke kanta ba. Muka shimfiɗa katifa a bayan mota, mahaifiyarta ta rungume kanta. Da muka dawo wurin shingen, tun daga nesa na ga an janye gumaguman. Kawu na zaune a gindin wata ƙaya da keken wani a kife a gabansa, yana ɗaure sarƙa, yana yi wa mai keken faɗa a kan rashin sa mai. Ya goge hannu ya shigo.

Matata ta rayu, da ƙyar. Abin da ke cikinta bai rayu ba. Ma'aikaciyar asibitin da ta fito ta gaya mana, ni da Kawu muna tsaye a baranda, ta ce ya kwana ɗaya ko biyu da mutuwa a ciki, da an kawo ta ranar da aka ce a kawo ta da wataƙila an sami duka biyun. Ba da mugunta ta faɗa ba, gajiya ce a fuskarta. Matata ta kwana biyu ba ta farfaɗo ba. Ni da Kawu muka karɓi abin a naɗe cikin farin ƙyalle muka kai maƙabartar gari.

Da muka dawo gida zaure ya cika, har surukina ya iso a kan keke. Baba ya taso ya fito har waje ya kama hannun Kawu da hannu biyu. Suka gaisa doguwar gaisuwa, ta shekara biyu. Sannan Baba ya yi tambayar da nake jira kamar mai jiran hukunci, a gaban kowa, ya ce me ya sami motar.

"Hwamhon mai na, Malam," in ji Kawu. "Tsuhwa. Irin shi ba a gane shi sai an sha wuya."

Ko inda nake bai duba ba. Washegari ya zo da kansa ya kwance famfon da ba abin da ya same shi, ya sa wani, ya tafi da tsohon. Surukina ya dafa ni ya ce ƙaddara ce, na yi iya ƙoƙarina. Na karɓi wannan ta'aziyya da bakina.

Daga nan Kawu bai sake tada maganar ba. Na sauya motoci, duk shi ke duba mini. Zai zaunar da ni a kujerar nan ya yi tambayoyinsa duka, amma ni kaɗai a Mafara ba ya tambaya abin da na taɓa. In ya zo wurin sai ya yi shiru ya tashi ya buɗe inji. Shirun nan ya fi komai ba ni tsoro. Sau ɗaya, bayan rasuwar Baba, na same shi shi kaɗai na ce ina so in gaya mata. Ya juyo mini kunnen da ba ya ji, na san da gangan ya yi. Da na maimaita, ya ce ƙaryar tasa ce, shi ya yi ta, shi zai amsa ta gaban Allah, kada in mai da shi maƙaryaci yana raye. Ran da ya mutu in yi yadda na ga dama. Na yi murna da wannan amsa, kunyar faɗin haka nake ji, don ta ba ni wasu shekarun na ɓuya.

Allah ya ba mu 'ya'ya shida bayan wannan, ga jikoki. Duk tsawon zamanmu matata ba ta taɓa ambaton cikin nan ba. Da ma mace ba ta kama sunan ɗan fari ko yana raye, balle wanda bai zo da rai ba. Kowa ya bar ta da kunyarta, ni kuwa kunyar ta yi mini rana.

Bayan sadakar bakwai ta Kawu, da hantsi, gida ya yi shiru. Tana zaune a tsakar gida da faifai a cinya tana tsince shinkafa. Na jawo kujera na zauna. Na gaya mata duka, da robar, da almakashin, da ranar da motar ta tashi na juya gida ina iya zuwa wurinta. Hannunta bai tsaya ba sai da na kai ƙarshe.

"Kwana uku," ta ce.

Na ce kwana uku. Na shirya wa zagi, na shirya wa ta tashi ta shiga ɗaki ta rufe. Ba ta yi ko ɗaya ba.

"Alhaji, kai da Kawu kunka kai abin maƙabarta. Ni da nih hwarka cewa anka yi in yi haƙuri. Ban tambaya ba, ba wanda yah hwaɗa man. Namiji na ko mace?"

"Mace ta."

"Da gashi?"

"Da gashi, cike da kai."

"Wa yaɗ ɗauke ta?"

Na ce Kawu ne. Ni na kasa, shi ya karɓe ta daga baranda har bakin rami, shi ya sa ta.

"Allah shi jiƙan Kawu, shi sa ya huta," ta ce. "Ashe ta samu wanda yar riƙe ta."

Ta ajiye faifan a ƙasa a hankali, ta ja mayafi ta rufe fuskarta, ta fara kukan 'yarta. Ba ta ce ta yafe mini ba, ni ma ban roƙa ba tukuna. Na dai zauna ban tashi ba.